Mulkin Sama Ba Hajar Kasuwa Ba Ne

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kuwa sai na faɗe ta, mai jin haushi ya ji. Wani irin wa'azi ya yaɗu cikin waɗansu majami'un ƙasar nan, wai alamar Allah ya yarda da mutum ita ce a gan shi da mota da gidan bene, wanda kuwa talauci ko ciwo ya kama, wai bangaskiyarsa ce ta gaza. Sai ka ji an ce wa gwauruwa ta kwance ɗan abin da ta ƙulle a bakin zane, wai iri ne za ta shuka, a mayar mata ninki ɗari kafin wata ya mutu. Wata ya mutu, wani ya tsaya, ba riba ba uwar kuɗi, ga marayu sun kwana da yunwa. In ta koma da kuka, sai a ce laifinta ne, ba ta gaskata sosai ba. Assha!

To, bari mu gwada wannan mudu bisa waɗanda muka sani. Yesu Almasihu kansa a komin dabbobi aka kwantar da shi, a kabarin wani kuma aka binne shi. Manzo Bulus da ɗinkin tanti ya ci abinci, ya sha bulala, ya sha kurkuku. Ko kuwa mu dubi nan gida. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar kai Bishara cikin ƙasa. Ba a fita 1894 ba sai da Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida, ba su bar ko bukkar sujada ba. Bisa awon masu wa'azin arziki, waɗannan asararru ne. Amma daga aikin nan da suka fara aka sami asibitin Galmi a Nijar a 1950, da ikkilisiyar ECWA a 1954. To, wane ne asararre?

Cinikin nan kuwa ba sabo ba ne. Cikin Ayyukan Manzanni sura 8, Siman mai sihiri na Samariya ya miƙa wa manzanni kuɗi domin ya sayi baiwar Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya tsauta masa ƙwarai. A 1517 kuma Martin Luther ya tashi a Jamus saboda takardun gafara da ake sayar wa talakawa. Kurar dai ita ce, fata kawai ta sake. Dā lahira ake sayarwa, yanzu duniya ake sayarwa da sunan Mai lahira.

Na san wani zai ce, ashe so kake mu naɗe hannu mu zauna jiran mutuwa? Ko kusa! Zomo ba ya kamuwa daga zaune, dukiya kuma ba zunubi ba ce. William Wilberforce na Ingila mai arziki ne, begen sama kuwa bai sa shi barci ba. Tun 1789 yake fama a majalisar ƙasarsu kan cinikin bayi, ana kayar da shi yana tashi, har aka hana cinikin a 1807. Abin da ya ba shi wannan haƙuri na shekara 18 shi ne sanin akwai ranar da zai ba da lissafi gaban Ubangijinsa. Mai begen sama ya fi kowa dalilin yin noma da kyau, da cika mudu, da kai ɗansa makaranta, gama ya san ba a bakin kabari zancen ke ƙarewa ba.

Ku dubi fatake. In sun sauka zango sukan share wuri, su hura wuta, su shayar da jakuna, su ci su ƙoshi. Amma ba a taɓa ganin falke mai hankali ya kama ginin soro a zango, ya manta da garin da ya nufa ba. Hakanan Kirista yake cikin duniya. Ya nema, ya samu, ya ci, ya ciyar, amma kada ya mai da guzuri ya zama abin bauta, domin likkafani ba shi da aljihu.

Saboda haka, 'yan'uwa, ku ba da baiko da zuciya ɗaya, ba domin riba ba. In kuwa wani ya yanka muku farashin albarka, ku tambaye shi nawa ɓarawon nan da aka gicciye tare da Yesu ya biya aka yi masa alkawarin Firdausi. In ya rasa amsa, ku ɗaure bakin jakarku ku tashi. Allah ya ba mu abin rufin asiri a nan, ya sa mu isa gida lafiya. Amin.