Darasin Filin Golf Ga Manoman Rani Na Ƙasar Maska

Wasan golf ba ya cikin wasannin da jama'ar karkara suka damu da su, kuma da wuya a sami manomin rani a Maska ko Funtua ko Malumfashi wanda ya taɓa taka filin da ake buga shi. Duk da haka masu kula da irin waɗannan filaye sun riga hukumomin ban ruwa na Nijeriya fahimtar wata gaskiya guda: kowane tsarin ban ruwa yana da ajali, kuma tun ranar da aka binne bututun farko ya kamata a soma tanadin ranar da za a tono shi a sake sabo. Rashin kiyaye wannan ya jawo wa ƙasar nan asarar dukiya mai yawa, kuma yanzu da manoma ke rububin sauya injin fetur da na hasken rana, akwai alamun za a sake maimaita kuskuren.

Yadda ake yi a filin golf

Cikakken filin golf yana da ramuka 18, kuma a ƙasashen da ake shayar da ciyawarsa, ƙarƙashin ƙasa cike yake da bututu mai tsawon kilomitoci, da kawunan feshi fiye da dubu, da gidan famfo, da kwamfutar da ke tsara lokacin buɗe kowane kai. Ƙungiyar masu zana filayen golf ta Amurka ta fitar da jadawalin shekarun da kowane sashe ke yi kafin ya gaji: bututun roba na PVC shekara 10 zuwa 30, na'urar sarrafa ruwa shekara 10 zuwa 15, gidan famfo kuwa shekara 15 zuwa 20. Sake tsarin gaba ɗaya kan ci sama da dala miliyan ɗaya, saboda haka kulob mai hankali kan riƙa ware kuɗi kowace shekara tun kafin bututu ya fara fashewa.

Abin lura na biyu shi ne ba a sayen komai sai an yi awo. Akan jera ƙananan gwangwanaye a kan ciyawa, a buɗe ruwa na ɗan lokaci, sannan a auna abin da kowane gwangwani ya tara. Idan wani ya cika wani kuma bai kai rabi ba, to rabon ruwan ya lalace, kuma mai kula da filin zai riƙa ƙara lokacin shayarwa domin ɓangaren da ke ƙishirwa, yana kwarara ruwa a banza a sauran wuraren.

Wani lokaci ma awon kan nuna cewa ragewa ake bukata. A filin Pinehurst mai lamba 2 da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka, an yi gyara tsakanin 2010 da 2011 inda aka cire kawunan feshi kimanin 650 daga cikin 1,100, aka mayar da gefen filin yashi da ciyawar daji kamar yadda yake a da. Ruwan da ake sha a shekara ya sauko daga kusan lita miliyan 200 zuwa ƙasa da miliyan 60, kuma a 2014 aka yi babbar gasar Amurka a wannan fili ba tare da ya gaza ba. Tsofaffin filayen Arewacin Nijeriya, irin na Rayfield da aka kafa a Jos a 1913, sun daɗe da irin wannan dabara: maimakon koren ciyawa a kewayen rami, yashi ake cakuɗawa da mai a daddale. An yi haka ne don an san ƙasar tana shafe wata shida ko fiye babu ruwan sama.

Abin da ya faru a Bakolori

Kogin Sakkwato daga kusa da Funtua ya samo tushe, kuma a kansa aka gina madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talata Mafara, wadda aka kammala a 1978. An tsara shayar da kimanin hekta 23,000, kuma kusan hekta 15,000 daga ciki da tsarin yayyafi, wato irin na filin golf, inda injuna ke tura ruwa da ƙarfi cikin bututu ya fita ta kawunan feshi. Sauran kuwa ta magudanai ruwa ke gangarawa da kansa. Aikin ya ci kuɗi, ya kuma ci rayuka, domin a watan Afrilu na 1980 jami'an tsaro sun kashe manoma da yawa da ke neman diyyar gonakinsu.

Tsarin yayyafi ba ya aiki sai da wutar lantarki tsayayya, da kayan gyara daga ƙasashen waje, da ma'aikata masu horo. Da waɗannan suka yanke, injuna suka tsaya, bututu ya lalace, aka bar dubban hekta babu ruwa, alhali ɓangaren magudanai ya ci gaba da amfani duk da tsufansa. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kusan dala miliyan 495 don gyara manyan ayyukan ban ruwa na Arewa, kuma cikin abin da aka tsara wa Bakolori har da mayar da wani ɓangare na filin yayyafi zuwa tsarin magudanai. Wato an kashe kuɗi don gina tsarin da ya fi ƙarfin masu riƙe shi, an kuma ciwo bashi don warware shi. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Daga jigo zuwa fetur, daga fetur zuwa sola

Manomin ƙasar Maska ba shi da babbar madatsa irin ta Bakolori. Abin da yake da shi shi ne fadama, da rafuka, da ƙananan madatsu irin su Mairuwa da Gwaigwaye a yankin Funtua, da ruwan da ke kwance kusa da doron ƙasa. Kakanninsa da jigo suka yi lambu. Shirin raya aikin gona na Funtua da aka fara a 1975 da taimakon Bankin Duniya, da shirin Fadama da ya biyo baya daga 1993, su suka yaɗa ƙananan injunan fetur da gajerun rijiyoyin burtsatse, har tumatir da albasa da attaruhu da alkama suka zama abin dogaro a lokacin rani.

Wannan tsari ya rayu ne a kan fetur mai araha. Da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024. Ba abin mamaki ba ne manoma su koma ga injin da ke aiki da hasken rana, kuma wannan sauyi yana da amfani. Sai dai mafi yawan masu sauyawar injin kawai suke sauyawa. Tsohon tiyo mai yoyo yana nan, doguwar magudanar ƙasa tana nan, fangalin da bai daidaita ba yana nan.

Lissafin ruwa

A bazara, lokacin da zafi ya tsananta a watannin Maris da Afrilu, gonar da shuka ta rufe kan rasa ruwa kimanin milimita 6 a rana ta hanyar tururi daga ƙasa da ganye. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya daidai yake da lita 10,000, saboda haka hekta tana bukatar lita 60,000 a kullum. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a ban ruwa na kwarara, kashi 60 cikin ɗari ne ke isa ga saiwa, a na yayyafi kashi 75, a na ɗigo kuwa kashi 90. Ke nan mai kwarara sai ya jawo lita 100,000 kafin shukarsa ta sami 60,000, mai ɗigo kuwa kimanin lita 67,000 sun ishe shi. Wanda ya sayi farantan sola don ɗaga lita 100,000 ya biya kuɗin ɗaga ruwan da kashi 40 cikin ɗarinsa ba zai amfani shuka ba.

Faɗin bututu ma yana da nasa hukunci. Ruwa na gogayya da bangon bututu yayin da yake tafiya, kuma idan aka rage faɗin bututun da rabi aka ce sai ya ɗauki ruwa daidai da na da, ƙarfin da ake asara kan ninka kusan sau 30. Manomin da ya sayi siririn tiyo don ya fi araha, injinsa ne zai riƙa biyan bambancin kowace rana. A Jamhuriyar Nijar manoman rani da dama sun karɓi tsarin da ake kira kalifoniya, inda ake binne bututun roba mai faɗi daga bakin rijiya zuwa sassan gona, a fito da bakunansa a wurare daban-daban, ruwa ya zuba cikin fangali. Ba ya bukatar matsi mai ƙarfi, ba ya toshewa da laka kamar na ɗigo, kuma mai gyaran famfo na gari zai iya haɗa shi. Ga mafi yawan gonakin fadama wannan shi ne matakin da ya dace a fara da shi.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba. Ƙasar Funtua da Malumfashi a kan tsohon dutse take zaune, kuma ruwan ƙarƙashinta yana cikin ruɓaɓɓen saman dutsen ne da tsagoginsa da yashin fadama, ba shi da yawa kamar yadda ake zato. Tsadar fetur, duk da zafinta, ita ke sa manomi kashe inji da zarar gona ta ƙoshi. Injin sola ba ya cin ko kwabo idan ya wuni yana aiki, don haka babu abin da zai tuna wa mai shi ya kashe. A jihar Punjab ta Indiya, wutar lantarki ta kyauta ga manoma ta taimaka wajen janye ruwan ƙasa har rijiyoyi suka yi ta ƙara zurfi. Idan kowa a fadama ɗaya ya bar injinsa a buɗe, mai gajeriyar rijiya, wanda galibi shi ne mafi talauci, shi zai fara ganin laka.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce kwatanta kulob na attajirai da manomi mai rabin eka rashin adalci ne, tunda manomin ba shi da rarar da zai ajiye. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma darussan nan biyu ba na masu kuɗi kaɗai ba ne. Awo ba ya bukatar komai sai durom da agogo. Idan durom mai lita 200 ya cika cikin daƙiƙa 40 a bakin inji, injin yana ba da lita 5 a daƙiƙa. Idan a ƙarshen magudana sai da ya ɗauki daƙiƙa 60, to kashi ɗaya cikin uku na ruwan ya salwanta a hanya. Tanadi kuwa tsohuwar al'ada ce, domin adashi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Idan, alal misali, inji zai yi shekara huɗu, rubu'in kuɗinsa ne ya kamata a fitar daga cinikin kowace kakar rani, kamar yadda ake fitar da iri.

Wani kuma zai ce aikin gwamnati ne. Babu shakka yashe madatsu da gyara manyan magudanai sun fi ƙarfin ɗaiɗaikun manoma. Amma tarihin Bakolori ya nuna cewa gwamnati ta fi son bikin buɗe sabon aiki a kan kasafin gyaran tsoho. Rabon injuna kyauta ba tare da awon ruwa da horar da makanikai ba zai ƙare ne da tarin ƙarafa a bayan gida.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, duk shirin da zai raba injunan sola a kudancin Katsina ya haɗa da bututu, ya kuma auna ƙarfin rijiya kafin ya zaɓi girman inji. Na biyu, ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a kowace fadama su buɗe asusun sauya kayan aiki, su kuma yi yarjejeniya kan sa'o'in jan ruwa a bazara, da sanin masu unguwanni da dagatai. Na uku, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke da tashar gwajin ban ruwa a Kadawa, tare da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, su tura ɗalibai su riƙa auna zurfin ruwan rijiyoyi a Maska da kewaye kowane wata, a buga sakamakon da Hausa, a karanta shi a rediyo. Na huɗu, duk wanda zai shuka koren ciyawa a filin wasa a Arewa, na golf ne ko na ƙwallo, ya shayar da ita da ruwan da aka tace daga magudanan gari, ya bar ruwan sha ga jama'a.

Tun ran gini ran zane. Manomin da zai kashe kuɗin amfanin gonarsa na shekara guda a kan sabon inji ya cancanci a gaya masa lita nawa gonarsa ke sha, lita nawa rijiyarsa ke iya bayarwa, da shekarar da zai sake sayen wani.