Tsimin da Ya Jefa Sequoia Hannun 'Yan Kasuwa

A 1977 Shugaba Jimmy Carter ya ba da umarnin a yi gwanjon Sequoia, jirgin ruwan shaƙatawa na shugabannin Amurka, aka kuwa sallama shi a kan dala 286,000. Har yau akwai masu yaba wannan mataki da sunan tawali'u. Ba su duba abin da aka sayar ba.

An ƙera jirgin da katako a 1925 a Camden ta jihar New Jersey, bisa zanen John Trumpy, tsawonsa ƙafa 104. Gwamnati ta saye shi a 1931 don ya zama tarko ga masu fasa-ƙwaurin giya a zamanin da aka haramta ta, daga nan ya koma hidimar shugabanni. Saboda Franklin Roosevelt, wanda ciwon shan inna ya zaunar a keken guragu, aka sa masa lif. Lyndon Johnson ya cire shi ya kafa mashaya a gurbinsa, abin da ya isa ya nuna bambancin mutanen biyu. A cikinsa John Kennedy ya yi bikin ranar haihuwarsa na ƙarshe a Mayun 1963, a cikinsa kuma Nixon ya zaga da Brezhnev a Kogin Potomac a 1973.

Hujjar masu kare Carter ita ce tsadar kula da shi, kuma gaskiya ne jirgin katako cin kuɗi gare shi: ruwa na ruɓar da shi, rana na tsattsaga shi. To amma wa ya ce sai gwanjo? Da an miƙa shi ga gidan adana kayan tarihi, da shugaban ya tsira da tawali'unsa, al'umma ta tsira da kayanta. Abin da aka zaɓa shi ne samun yabon jaridu na mako guda.

Jirgin ya yi ta sauya hannu. An sanya shi cikin manyan kayan tarihin ƙasa a 1987, sai dai wannan lamba ba ta tilasta wa mai shi ya gyara ko ƙusa ɗaya. Rikicin bashi ya kai shi kotu a Delaware, inda a 2016 aka yanke cewa masu bin bashin su karɓe shi a kan dala sifili, domin kuɗin gyaransa ya cinye farashinsa. A lokacin yana jibge a kan tudu a Virginia, wasu namun dawa da ake kira rakun sun mai da ɗakunansa makwanci. Sai a 2019 aka ɗora shi a kan wani jirgin dako zuwa Belfast ta jihar Maine domin a sake gina shi.