Gaggawar Kai Yaro Aji Ɗaya

Duk ƙarshen zango na uku, wajen watan Yuli, makarantun kuɗi a biranenmu kan shirya bikin yaye 'yan nazare. Za ka ga yaro cikin rigar digiri tana jan ƙasa, hula ta rufe masa ido, an miƙa masa makirufo ya zubo jihohin Najeriya 36 da manyan biranensu ba gargada, iyaye na tafi, ana ɗaukar hoto. Da yawan waɗannan yara ba su wuce shekara huɗu ba, kuma a watan Satumba aji ɗaya na firamare za a kai su. A ganina wannan gaggawa cutarwa ce da muke yi wa 'ya'yanmu da kuɗinmu, domin abin da ke nuna yaro ya isa shiga firamare shi ne shekarunsa, da iya kula da kansa, da ƙarfin harshensa na gida. Hadda ba ta cikin lissafin.

Tsarin ilimin ƙasar nan bai bar maganar a duhu ba. Shekara shida ce ta shiga firamare, a kanta aka gina dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, kuma manufar ilimi ta ƙasa da aka sabunta a 2013 ta tanadi shekara guda ta share fage kafin nan, abin da mutane ke kira rabin aji. A da, lokacin da takardar haihuwa ke wuya, hedimasta kan sa yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya taɓo kunnen ɗaya gefen. In bai kai ba, a ce ya dawo baɗi. Ana yi wa wannan awo dariya yanzu, amma masu shi sun gane cewa aji ɗaya aiki ne na jiki kafin ya zama na ƙwaƙwalwa. Sai yaro ya zauna rabin awa wuri guda, ya riƙe fensir yatsunsa ba su sage ba, ya je banɗaki shi kaɗai ya yi tsarki ya mayar da wandonsa, ya adana kuɗin tararsa, ya buɗe baki ya ce cikinsa na ciwo. A nazare akwai mai reno da ke share masa majina. A firamare malami ɗaya ne, wanda a takarda aka ce ɗalibai 35 zai riƙe, alhali a wasu makarantun gwamnati suna haura ɗari. Ɗan shekara huɗu a irin wannan aji ɓacewa yake yi. In an tambaye shi ya yi shiru, in ya yi fitsari a wando a yi masa ihu, kafin zango ya ƙare ya riga ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi daƙiƙi ne, kuma irin wannan tabo kan daɗe bai goge ba.

Haddar da ke burge iyaye kuwa, gwada ta abu ne mai sauƙi. A zube wa yaron da ke ƙirga ɗaya zuwa ɗari da Turanci 'yan duwatsu a gabansa, a ce ya ware bakwai. A nuna masa harafi a tsakiyar shafi, ba bisa jerin waƙar da ya saba ba. Da yawa nan suke tsayawa. Karatu yana tsirowa ne daga harshen da yaro ke tunani da shi, kuma wannan ba zato ba ne. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka fara gwajin koyar da 'yan firamare da Yarbanci tsawon shekara shida, ana ba su Turanci a matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin, sun ma fi su a wasu fannoni. A nan Arewa, shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da shirin RANA a Katsina da Zamfara duk da Hausa suka fara koya wa 'yan ƙananan azuzuwa haɗa baƙi da wasali. Hausar boko tana da wata falala da Turanci bai da ita: kusan yadda ake faɗin kalma haka ake rubuta ta. Yaron da ya gane ba, bi, bu ya kama hanyar karanta kusan kowace kalma, kuma wannan dabara ce zai tsallaka da ita zuwa Turanci. Saboda haka yaron da zai iya maimaita tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi daga farko har ƙurunƙus, ya faɗi dalilin da Gizo ya sha kashi, ya fi mai haddar jihohi shirin aji ɗaya.

Wani uban zai ce ɗansa mai kaifin basira ne, zaman nazare ɓata masa lokaci ne. Akwai irin waɗannan yara, ba musu, sai dai ba su kai yawan iyayen da ke faɗin haka ba. Kuma lissafin bai tsaya a firamare ba. Wanda ya shiga yana da huɗu, aka tsallake masa aji shida kamar yadda makarantun kuɗi da dama suka mayar al'ada, zai gama sakandare yana da 15, wani ma 14. Mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a 16 ne, kuma an ga cece-ku-cen da aka yi a 2024 lokacin da ministan ilimi na wancan lokaci, Tahir Mamman, ya nemi mayar da shi 18 kafin a janye. Shekarar da aka ce an ceto tun yana ƙarami, a zaman gida za a biya ta yana matashi, lokacin da zaman banza ya fi haɗari.

Wasu kan kawo misalin Ingila, inda yara ke fara makaranta da shekara huɗu zuwa biyar. Gaskiya ne, amma da harshen da mafi yawansu suka tashi da shi ake koya musu, kuma shekarar farkon wasa ya fi yawa a cikinta. A Finlan sai shekara bakwai ake shiga, ba a kuma san su da koma-baya a ilimi ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa wannan damuwar 'yan birni ce, tunda a karkara matsalar ita ce miliyoyin yaran da ba sa zuwa makarantar sam, ko suke shiga da shekara tara. Haka ne, kuma jinkirin ma illa ne, musamman ga 'ya mace da za a iya cirewa kafin ta gama. Amma maganin duka biyun ɗaya ne, a tsaya kan shekara shida, hukumomin ilimi na jihohi su nemi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya wajen rajista, su kuma hana mai makaranta ɗaga yaro don kawai uba ya yi barazanar canja masa makaranta. Shirya yaro don shiga aji ɗaya kuwa ba ya bukatar mai kuɗi. A watannin hutu a saba wa yaro kwanciya da wuri da tashi da wuri, a bar shi ya sa yunifom da takalminsa da hannunsa ko da zai ɓata lokaci, a taka da shi har ƙofar makarantar ya ga ajinsa da banɗakin, ya san cikakken sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu. A duba idonsa da kunnensa a asibiti, don wani yaron da ake zagi da rashin ganewa allon ne ba ya gani. In yana zuwa Islamiyya da yamma, a tabbatar akwai abinci da ɗan barci tsakanin tashi daga boko da la'asar.