Katrina da Masu Yi wa Oga Kirari Lokacin Bala'i

'Yan uwa matasan tafiyarmu, yau da mu nake, ba da 'yan adawa ba.

A ranar 29 ga Agustan 2005 guguwar Katrina ta afka wa kudancin Amurka. Shingayen ruwa suka fashe, kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin New Orleans ya nutse. Mutane na kan rufin gidaje suna neman ceto, sai ga hoton Shugaba Bush yana leƙen barnar ta tagar jirgi. Da ya sauka yankin, ya tsaya gaban kyamara yana yaba wa Michael Brown, shugaban hukumar agajin gaggawa, wai yana aiki mai kyau. Bayan kwana goma Brown ya ajiye aiki. Har yau ana yi wa Bush gori da wannan yabo.

To mu fa? Ruwa ya ci unguwa, kafin a san wa ya rasu, mun cika Facebook da hotunan oga yana raba shinkafa. Wallahi wanda ya kwana a ruwa ba kirari yake so ba. So yake a faɗa masa ina zai kwana, ina ruwan sha, yaushe yara za su koma aji. In ba a sani ba tukuna, a ce ba a sani ba, a sa rana a dawo da bayani.

Batun makarantu ya fi damuna. Bayan Katrina jihar Louisiana ta karɓe yawancin makarantun birnin, aka sallami malamai da ma'aikata sama da 7,000. Babban kuɗin sake gini, dala biliyan 1.8, sai a 2010 aka amince da shi, shekara biyar kenan. Wasu na cewa karatu ya inganta daga baya, ban musa ba. Amma an yi wa iyaye aski ba sa nan, kuma sai a 2018 makarantun suka koma hannun hukumar birnin.

Mun ga namu a Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, azuzuwa suka koma wurin kwana. Kafin damina ta kankama, ina roƙon jagororinmu su fito da tsari a rubuce: wa zai yi magana da jama'a, ina za a tsugunar da mutane, kwana nawa makaranta za ta yi a rufe. Zan kawo maganar a taronmu na gaba, ko da za a ce na yi rashin kunya.