Mai Kari a Fage, Mai Maƙo a Waya? Dalilan da Ke Hana Masoya Kokawa Biyan Kuɗin Kallo ta Intanet

Duk wanda ya taɓa halartar fagen kokawa a ƙauyukan Sule Tankarkar bayan an kawar da amfanin gona ya san cewa ɗan kallon wannan yanki ba marowaci ba ne. Da zarar an yi kaye, makaɗi ya ɗaga murya, za ka ga manomin da bai daɗe da sayar da riɗinsa ba ya kutsa cikin fage yana yi wa gwaninsa kari, ya juya ya liƙa wa makaɗi, sannan ya koma mazauninsa cikin alfahari. Amma wannan mutum, idan aka ce masa ya riƙa biyan wani abu duk wata don ya kalli kokawa a wayarsa, sai ya yi murmushi ya kawar da kai. Masu harkar watsa wasanni sukan fassara wannan hali da cewa mutanenmu sun saba da banza. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne fassarar ba daidai ba ce. Ɗan kallo bai ƙi biya ba, tsarin biyan da aka kawo masa ne bai dace da aljihunsa da al'adarsa ta kallo ba.

Kokawa uku a gari ɗaya

Matashin masarautar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ya tashi da sanin kokawa iri uku. Ta farko ita ce ta dandali, wadda samarin ƙauyuka kan yi da kaka, tare da ɗan'uwanta dambe. Ta biyu ita ce kokawar Nijar, musamman gasar Takobi da aka fara a Tawa a shekarar 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya fara lashewa. Gasar tana zagaya jihohin ƙasar takwas, kowace jiha da 'yan kokawa goma, kuma gidan talabijin na Télé Sahel yana nuna ta kai-tsaye. Da yake iyaka ba ta raba harshe ba, sunan Isaka Isaka na Doso sananne ne a bakin 'yan kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis kamar yadda yake a Damagaram. Ta uku ita ce kokawar Amurka da ake kira resilin, wadda ta shigo mana ta kaset ɗin bidiyo, ta koma faifai, sannan ta zauna a gidajen kallo ta tashoshin SuperSport.

A cikin ukun nan, ta ƙarshe ce aka gina kan kuɗin wata-wata. Kamfanin WWE ya buɗe manhajarsa ta kallo a watan Fabrairun 2014 a kan dala 9.99 duk wata. A Janairun 2024 ya ƙulla yarjejeniyar shekara goma da Netflix wadda darajarta ta haura dala biliyan biyar, kuma shirin Raw ya koma can a Janairun 2025. Wannan lissafi ya ginu ne a kan mai kallo da ke da albashi, da katin banki, da wutar da ba ta ɗaukewa. Kuskuren da ake yi shi ne ɗauko wannan ma'auni a auna mutumin karkarar Jigawa da shi.

Kuɗin kaka da kuɗin wata

Dalili na farko shi ne yanayin samu. Mafi yawan mutanen yankin nan manoma ne da makiyaya da 'yan tireda. Kuɗi yakan shigo hannunsu da kaka, lokacin gero da wake da riɗi da zoɓo, ko ranar kasuwa idan an sayar da dabba. Da bazara kuwa, har zuwa tsakiyar damina, kowane kwabo yana da gurbinsa: taki, iri, abinci, magani. Mutumin da rayuwarsa ke tafiya haka ba ya son alkawarin da zai riƙa cizonsa duk ƙarshen wata. Shi ya sa yake sayen omo na ƙulli, da man gyaɗa na kwalba, da data ta kwana ɗaya. Biyan wata guda gaba ɗaya don wasannin da bai san ko zai samu sukunin kallonsu ba, a wurinsa cinikin biri a sama ne.

Dalili na biyu shi ne biya biyu. Mai kallo ta intanet yana biyan mai manhaja, yana kuma biyan kamfanin waya. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data. Kafin wannan an janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abin da ya tsadar da tayar da janareto. A watan Maris na 2025 kuɗin babban ƙunshin DStv ya tashi daga naira 37,000 zuwa 44,500, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Bayan duk wannan akwai kuɗin cajin waya a shago, da saƙon intanet da kan yi rauni da zarar an bar bakin titi. Wanda ya biya kuɗin wata, hoto ya tsaya cak daidai lokacin da ake shirin kaye, ba zai sake biya ba.

Shi kuwa resilin yana da nasa cikas na musamman. Ana fara shirin Raw da ƙarfe takwas na dare agogon gabashin Amurka, wato ƙarfe ɗaya ko biyu na dare a nan. Abin da ake sayar wa mai kallo da tsada shi ne ganin wasa a lokacin da ake yin sa, amma wa zai raba dare alhali akwai sallar asuba da gona a gabansa? Kafin hantsi an yanka wuraren da suka fi armashi an zuba a Facebook da TikTok da YouTube. Tunda kowa ya san tsararren wasa ne, wanda aka riga aka shirya wanda zai yi nasara, jinkirin sa'o'i kaɗan ba ya rage masa daɗi.

Kallo na jama'a ne

Dalili na uku, wanda nake ganin ya fi sauran nauyi, na al'ada ne. Bahaushe ba ya kallon kokawa shi kaɗai. Daɗinta yana cikin musu da tsokana da sowa. A dambe ma ɗan kallo yana da ɓangare, ko Kudu ko Arewa ko Guramada, kuma abin da yake saye da kuɗin ƙofa shi ne damar zama cikin nasa yana yi wa abokan hamayya dariya. Gidan kallo ya fahimci wannan. Mutum ɗaya ya sayi dikoda da janareto ko sola, ya biya kuɗin wata, sauran jama'a su biya shi kaɗan-kaɗan a bakin ƙofa. Ke nan ana biyan kuɗin watan, sai dai karo-karo ake yi masa. Wanda ya ƙirga yawan masu rajista kawai zai ga mutum ɗaya, alhali benci cike yake.

Haka nan kari ba sayen kallo ba ne kawai. Mai kari yana ganin hannun da ya karɓa, jama'a suna ganin sa, makaɗi yana ambaton sunansa da na mahaifinsa da garinsu. Dangantakar Ɗan Anace da Shago ta isa misali kan yadda makaɗi da ɗan wasa da masu kyauta suke raya juna a fage ɗaya. Kuɗin manhaja kuwa a ɓoye yake fita, ya tafi wurin wanda ba a sani ba, ba godiya ba kirari. Na taɓa tambayar wani dattijo a garinmu, wanda ba ya wasa da kallon gasar Takobi, ko zai biya idan aka mayar da ita ta kuɗi. Sai ya ce da ni: "Ɗana, in na tabbata yaron da ya sha ƙasa zai ga kuɗin, zan ba da. Amma wa zai kai masa?" A ganina wannan tambaya ta fi duk wani bayani da zan yi.

Su wa ke biya?

Ba a rasa masu biya ba. Akwai mai gidan kallo, wanda biyan jari ne a wurinsa. Akwai ma'aikacin gwamnati ko malamin makaranta a Gumel da ya sa dikoda saboda ƙwallon ƙafa, resilin ya zo masa a matsayin gyara, 'ya'yansa suka fi shi kallo. Akwai kuma ɗan ci-rani a Legas ko Saudiyya ko Libiya, wanda kewar gida ke sa ya ƙona data don ya ga fagen da ya baro. Abin lura shi ne dukkansu suna da kuɗin da ke shigowa a kai a kai, kuma kusan babu wanda ya biya saboda kokawa ita kaɗai.

Masana'antar Kannywood ta riga ta ɗanɗana wannan darasi. Bayan kasuwar faifai ta durƙushe, an gwada manhajojin biya irin su Northflix, amma inda jama'a suka yi dafifi shi ne YouTube, wurin shirye-shirye masu dogon zango kamar Izzar So, da tashar Arewa24 wadda ake kama ta kyauta. Dambe ma ta wannan hanya ya fita duniya: tashar Dambe Warriors da aka buɗe a YouTube a 2017 kyauta take nuna wasanninta. Gasar Takobi kuwa gwamnati da kamfanoni masu talla ne ke ɗaukar nauyinta. A duk misalan nan mai talla ne ke biya, ɗan kallo kuma ya ba da idonsa da datarsa.

Inda uzuri ya ƙare

Kada a ɗauka ina wanke kowa ne. Mai shagon da ke tura wa mutane wasanni a katin waya yana karɓar kuɗi a kan gumin da ba nasa ba. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya nuna yadda hanyoyin kwafar kaset a Kano suka zama tushen rarraba fina-finan Hausa, wato satar fasaha ta buɗe kasuwar da halastacciyar hanya ba ta kai gare ta ba. Wannan gaskiya ne, amma bayanin dalili daban, halasta aiki daban. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta tanadi kariya ga ayyukan da ake yaɗawa ta intanet, kuma tun kafin doka addini da al'ada sun hana cin haƙƙin wani.

Wanda ya fi cutuwa ba kamfanin Amurka ba ne, ɗan kokawar ƙauye ne. A yau duk fagen da aka buɗe, wayoyi sun fi makaɗa yawa. Wani zai ɗauki hoton kaye ya ɗora a shafinsa, dubban mutane su kalla, ya tara mabiya, wataƙila har ya samu kuɗin talla. Shi kuwa wanda aka kayar, idan ya gurɗe ko ya karye, da kuɗin gidansu za a kai shi wurin mai ɗori. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi. Idan aka ci gaba a haka, za a wayi gari hotunan wasanninmu suna hannun wasu, 'yan wasan kuma sun watse neman abin da zai riƙe su.

Mafita

Shawarata ga masu son kafa kasuwar kallon kokawa da dambe ita ce su daina jiran ɗan kallo ya sauya hali, su je inda yake. Da farko a sayar da kallo na wasa ɗaya ko na yini ɗaya, a kuma karɓi kuɗi ta katin waya ko wurin mai POS, tunda su ne bankin karkara. Na biyu, a ɗauki gidajen kallo a matsayin abokan ciniki, a ba su lasisi mai sauƙi, a bar kallon su a matsayin ɓarayi. Na uku, a shigar da kari cikin manhaja: mutum ya aika wa gwaninsa kuɗi kai-tsaye daga Gagarawa ko daga Jidda, mai gabatarwa ko makaɗi ya ambaci sunansa a fage. Na huɗu, ƙungiyoyin 'yan wasa su dage kan rubutacciyar yarjejeniya da ke fayyace kason ɗan wasa da na makaɗi kafin a kafa kyamara. Sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu ma suna da aiki, domin kirari da taken 'yan kokawa adabin baka ne da ya cancanci a taskace shi da sunayen masu shi, ba a bar shi yana yawo a waya ba uba ba uwa.

Mutumin da ke iya cire kuɗin riɗinsa ya liƙa wa ɗan kokawa a gaban jama'a ya riga ya nuna cewa wasan yana da daraja a wurinsa. Abin da ya rage shi ne a samar masa hanyar da zai biya gwargwadon ƙarfinsa, a lokacin da yake da shi, kuma ya tabbata cewa kuɗin ya isa hannun wanda ya sha ƙasa.