Harajin Da Ba A Son Kowa Ya Biya

 Wannan makon ba za mu taɓo ƙa'idojin rubutu ko rigimar madaba'a ba. Amurka za mu leƙa, domin akwai wata doka a can da muke ganin ya kamata duk mai riƙe da alƙalami ya san da ita, ya ga irin abin da hukuma ke iya yi da kalma guda ɗaya.

A wasu jihohin Amurka, idan mutum ya mallaki tabar wiwi ko hodar ibilis da ta wuce wani adadi, doka ta ce ya je ofishin haraji na jiha ya sayi kan sarki, irin wanda ake liƙa wa ambulan a gidan waya, ya manna a jikin ƙunshin kayan. Ba a halatta masa kayan ba, a lura. Ko ya manna kan sarkin, in 'yan sanda suka kama shi gidan yari zai tafi. In kuma bai manna ba, to laifi ya zama biyu, ga na ƙwaya ga na ƙin biyan haraji. Da farko mun ɗauka barkwanci ne, sai da muka bi diddigi muka tarar jihohi fiye da ashirin sun taɓa kafa irin wannan doka, yawancinsu a shekarun 1980, lokacin da gwamnatin Shugaba Reagan ke tsakiyar abin da ta kira yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Arizona ce ta buɗe ƙofa a 1983, Minesota da Kansas da Teksas da sauransu suka bi sahu.

Mu ɗauki Karolina ta Arewa, wadda ta fi yawancinsu naci a kan lamarin. Duk wanda ya riƙe wiwi fiye da giram 42.5 ana bin sa dala 3.50 a kan kowane giram. Hodar ibilis kuwa dala 50 ce giram ɗaya. An ba shi awa 48 daga lokacin da kaya suka shiga hannunsa ya je ya biya. Ba za a tambaye shi suna ba, ba za a nemi katin shaida ba, kuma an hana ma'aikacin haraji ya tsegunta wa 'yan sanda. A takarda komai tsaf. To amma don Allah wane dila ne zai saka rigarsa ya nufi ofishin gwamnati ya ce a ba shi kan sarkin kilo guda? Waɗanda suka fi sayen kan sarkin su ne masu sha'awar tara kan sarki, irin mutanen da ke adana na tsofaffin ƙasashe a cikin littafi. Na jihar Nebraska ma har da zanen ƙoƙon kan mutum da sirinji, shi ya sa yake da farin jini a wurinsu.

Wato dai gwamnati ta kafa harajin da ta san ba mai biya. Mu kuma muna cewa ba ta ma son a biya. Ribar ba a cinikin kan sarki take ba, tana can bayan an yi kamu. Da zarar 'yan sanda sun cafke mutum sai su aika wa hukumar haraji rahoto, ita kuma ta auna kayan, ta buga lissafi, ta ɗora tara da kuɗin ruwa, ta aiko masa da takardar bashi. Daga nan tana iya riƙe kuɗinsa na banki, ta ɗauke motarsa, ta yi gwanjon kayan ɗakinsa, tun alƙali bai ce uffan ba a kan ko ya aikata laifin ko bai aikata ba.

A nan ne muke jayayya. Shari'ar laifi a Amurka tana da shinge masu yawa da aka kafa don kare wanda ake tuhuma. Mai gabatar da ƙara ne zai kawo hujjar da ba ta bar kokwanto ba. In ba ka da kuɗin lauya gwamnati za ta ba ka. Ba a tilasta maka ka ba da shaida a kan kanka, kuma ba a hukunta ka sau biyu a kan laifi ɗaya. Shari'ar haraji ba haka take ba. Lissafin hukuma shi ne daidai har sai kai ka tabbatar da kuskurensa, lauya kuma daga aljihunka, aljihun da aka riga aka ƙwace abin da ke ciki. Ana iya korar ƙarar laifin gaba ɗaya, a ce babu isasshiyar hujja, amma takardar bashin tana nan daram. Abin da 'yan majalisar jihohin suka yi shi ne sun ɗauki hukunci, suka cire masa suna, suka laƙaba masa "haraji", sai ya bi ta ƙofar baya ya tsallake duk waɗancan shingayen.

Ba mu kaɗai muka ga haka ba, Kotun Ƙolin Amurka ma ta gani. A jihar Montana akwai wasu iyali, dangin Kurth, manoman hatsi masu kiwo, da suka shiga noman wiwi a gonarsu. A watan Oktoba na 1987, makonni kaɗan bayan dokar harajin ƙwaya ta jihar ta fara aiki, aka kai musu samame. Aka gurfanar da su, suka amsa laifi, aka yanke musu hukunci, aka ƙwace kuɗi da kayan aiki. Duk wannan daidai ne, wanda ya shuka ƙaya ba zai girbi dawa ba. Sai kuma hukumar haraji ta biyo baya da lissafin kusan dala 900,000. A kan wani ɓangare na kayan, ragowar ganye da karare marasa daraja, harajin ya ninka kuɗin kayan a kasuwa har sau takwas. Magana ta kai Kotun Ƙoli, kuma a 1994 alƙalai biyar cikin tara suka ce wannan hukunci ne na biyu, ba haraji ba. Mai shari'a John Paul Stevens, wanda ya rubuta hukuncin, ya tsaya a kan abubuwa biyu da kowa zai iya fahimta ko bai taɓa shiga ajin lauyoyi ba. Na ɗaya, ba a bin mutum wannan kuɗi sai an kama shi da laifin. Na biyu, ana kiran sa harajin mallaka, alhali a lokacin da ake neman sa kayan ba sa hannun mutumin, gwamnati ta riga ta ƙwace su. A ce ka biya jangali a kan shanun da hukuma ta kora ta tafi da su!

Me sauran jihohi suka yi da suka ji wannan hukunci? Wasu sun haƙura. Wasu kuwa gyaran fuska kawai suka yi. Suka ce ai namu ya bambanta da na Montana, mu tun kafin kamu ake bin mutum, ga ma kan sarki nan mun buga, shi ne bai zo ya saya ba. Kun ga amfanin kan sarkin ke nan. Ba don a saya aka buga shi ba, an buga shi ne don a ɗaga wa alƙali a kotu. Karolina ta Arewa da kanta, bayan wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce a 1998 harajin nata hukuncin laifi ne, sai ta rage farashi ta ci gaba da harkarta. A da dala 200 take karɓa a giram ɗin hodar ibilis.

Jihar Tenesi ta shigo a makare, a 2005. Wani mutum mai suna Steven Waters ya sayi hodar ibilis kusan kilo ɗaya a hannun ɗan leƙen asirin 'yan sanda a kan dala 12,000, aka kama shi, sai ga takardar haraji ta sama da dala 55,000. Ku duba lissafin da kyau, harajin ya ninka kuɗin da ya sayi kayan fiye da sau huɗu, kuma kayan daga hannun hukuma suka fito, hannun hukuma suka koma. A 2009 Kotun Ƙolin jihar ta soke dokar, ta ce tsarin mulkin Tenesi bai ba majalisa ikon ɗora irin wannan haraji a kan mallaka kawai ba. Ba a daɗe ba majalisar ta sake rubuta ta da wasu kalmomi.

Sai batun inda kuɗin ke zuwa, wanda a wurinmu ya fi komai muni. A Karolina ta Arewa kashi 75 cikin 100 na abin da aka karɓo yana komawa ga rundunar da ta yi kamun, kashi 25 ne kawai ke shiga baitulmalin jiha. Mu da muka taso muna ganin shingayen kan hanya ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ran da aka ce abincin mai tsaro yana cikin abin da ya kama, to ran nan ya daina fatan laifin ya ƙare. Wanda ake sa ran ya kashe kasuwa an ba shi hannun jari a cikinta. An ba kura ajiyar nama, sannan an rubuta a doka cewa kashi uku cikin huɗu nata ne.

Mun san abin da wasunku za su rubuto a ƙasa, don haka bari mu riga ku. Za a ce, to mene ne abin tausayi a kan dillalin ƙwaya? Mutumin da ke lalata 'ya'yan mutane, in an tatse shi ai ya yi kyau. Mu ma ba tausayinsa muke ji ba. Kowannenmu ya san gidan da ƙwaya ta shiga ta watsa, mun ga abin da kodin ya yi wa matasa da matan aure kafin gwamnatin tarayya ta hana maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018. In majalisa na ganin hukuncin dila ya yi sauƙi, hanya a buɗe take, ta ƙara shekarun ɗauri, ta ninka tara, ta ba kotu ikon ƙwace dukiyar da aka samu ta haram, a yi komai a gaban alƙali da sunansa na gaskiya. Abin da muka ƙi shi ne a hukunta mutum ba tare da an yi masa shari'a ba. Kuma giram 42.5 bai kai nauyin ƙwan kaza guda ba. Ragar da aka saƙa da ido ƙanana haka ba manyan kifaye kaɗai take kamawa ba, manyan ma su ne ke da lauyoyin da za su fid da su.

Za kuma a kawo mana labarin Al Capone, shugaban 'yan daban Chicago da aka kasa kamawa da kisa ko fataucin giya, sai da haraji aka ɗaure shi shekara 11 a 1931. Gaskiya ne, kuma tun 1927 Kotun Ƙoli ta ce kuɗin da aka samu ta haramtacciyar hanya ma ana biya musu haraji. Amma harajin da Capone ya ƙi biya shi ne harajin kuɗin shiga, wanda malamin makaranta da mai shago da kowa ke biya. Ba a ƙirƙiro wani na musamman dominsa ba. An kai shi kotu, ya zo da lauyoyinsa, masu taimaka wa alƙali suka saurari hujja suka same shi da laifi. Wannan misalin namu yake goyon baya, ba nasu ba. Haka nan jihohi irin su Kolorado da suka halatta wiwi suka fara karɓar haraji a shaguna tun 2014, wannan wata muhawara ce daban, kuma muna da ra'ayinmu a kanta, amma aƙalla su ba su yi baki biyu ba. Sun ce halal ne a dokarsu, suka karɓi kuɗi. Waɗannan kuwa sun ce haramun ne, suka miƙo hannu.

Abin mamaki, Amurka ta taɓa bin wannan hanya ta ga ƙarshenta. Dokar tarayya ta farko a kan wiwi, ta 1937, ita ma da sunan haraji aka yi ta. Da ita aka kama Timothy Leary, tsohon malami a jami'ar Harvard, a kan iyakar Meziko a 1965 da ɗan abin da bai kai rabin oza ba, aka yanke masa shekara 30. A 1969 Kotun Ƙoli ta ce ba zai yiwu a tilasta wa mutum ya je ya yi rajista ya biya ba, tunda yin hakan tona wa kai asiri ne. Shekara guda bayan nan majalisa ta daina kewaye-kewaye ta haramta abin kai tsaye. Wancan alkawari da jihohi ke yi na cewa ba za a tambayi sunan mai saye ba, ba kirki ba ne, dabara ce ta kauce wa hukuncin Leary.

Mu Hausawa mun san nauyin wannan kalma. Kakanninmu sun gudu daga garuruwansu saboda haraji, an ɗaure wasu a rana a ƙofar dagaci, shi ya sa da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a 1979 talakawa suka yi ta murna. Amma ko wancan harajin, duk da zaluncin da ke cikinsa, in ka biya an ba ka rasit, to ka tsira, ka nuna wa ɗan doka ka wuce. Na Amurka in ka biya ka manna, ɗan sanda zai karanta kan sarkin, ya saka maka ankwa. Teksas ta soke nata a 2015. Karolina ta Arewa na ci gaba da aika takardun bashi.

Wanda ke ganin mun yi kuskure, filin nasa ne, amma ya zo da amsar tambaya ɗaya: in an wanke mutum a kotu, da wane dalili za a ci gaba da riƙe motarsa?