Kyamara ce ta sauko da 'yan rawar bale ƙasa

A 1832, lokacin da Marie Taglioni ta yi rawar La Sylphide a gidan Opera na Paris, masu zane ne kaɗai ke nuna wa jama'a kamanninta. Su kuwa sai suka mayar da ita aljana mai shawagi a iska, da 'yar ƙafa wadda ba za ta ɗauki mutum ba. A ganina, hotunan kyamara da suka biyo baya, duk da ba su kai zanen kyau ba, sun fi yi wa 'yan rawa adalci. Bayan da mai ɗaukar hoto Disdéri ya yi rajistar ƙaramin hoto mai girman kati a 1854, 'yan rawar Opera suka riƙa tsayawa gaban kyamararsa. Sai ga ƙwauri mai tsoka, ga ƙafa daram a ƙasa, ga fuskar yarinyar da tsayuwa ta gajiyar. Ma'aikaciya ce ta fito, kuma galibinsu 'ya'yan talakawa ne da aka kai makarantar rawa tun suna ƙanana don su tallafi gida.

Wani zai ce ai hoton ma ba gaskiya ya faɗa ba. Kyamarar lokacin ba ta kama motsi, don haka tsayuwa ake ɗauka, har akan tokare wuyan mutum da ƙarfe kada ya motsa. Ko 'yar rawa Anna Pavlova, shekaru da dama bayan haka, ana gyara takalminta a hoto don ƙafar ta ƙara tsini. Ga kuma masu sayen katunan, cikinsu har da attajiran da ke shiga bayan fage suna kallon 'yan matan kamar haja. Duk wannan haka yake. Sai dai mai zane daga kansa yake ƙirƙiro jiki, mai hoto kuwa iyakarsa ya rage wanda ya tarar, kuma abin da ya saura yana ba da shaida.

A duba hoton Emma Livry, ɗalibar Taglioni, cikin kayan rawar Le Papillon ta 1860. Siket ne na yadi shara-shara, ninki bisa ninki, a dandalin da fitilun gas ke haskawa. Akwai maganin hana kama wuta, amma ta ƙi kayan da aka shafa wa shi domin yana sandarar da yadi. A Nuwamban 1862 siket ɗinta ya kama wuta wajen gwaji, ta yi jinya wata takwas, ta rasu a Yulin 1863 tana da shekara 20.